Usur na Biyu

Kwana tara ke nan Ozella ta kasa zama wuri ɗaya. Ta ɗora wake ta manta shi a wuta, ta share baranda sau uku, ta ɗauki jaka ta ajiye. Duk tun ranar da ruwan nan ya dawo.

Tana 'yar shekara tara kotu ta ce a bar baƙar fata su shiga tafkin wankan garinsu, can Alabama. Ita ta fara tsoma ƙafa. Mai gadi ya busa mata usur a kunne, ya finciko ta da kitso ya watsar waje. Kafin mako ya zagayo Turawan garin sun cike tafkin da siminti, wai gara kowa ya rasa. Daga ranar, ko a baho ba ta yarda ruwa ya wuce idon sawunta.

Bayan shekara sittin da biyu, sai simintin ya fara narkewa da kansa. Kullum sha biyun rana na yi sai ya koma ruwa garau, ƙarfe ɗaya ya sake daskarewa. Masana sun zo da na'urori sun koma da ciwon kai. Hukuma kuwa, da ba ta san maganin komai ba sai katanga, ta ce gobe Litinin za ta killace wurin.

Da aka tashi coci ƙanwarta Verlene ta tare ta.

"Yaya, yau ce fa ta ƙarshe."

"Wa ya ce miki ina so?"

"To tawul ɗin nan na jakarki fa? Zufar Fasto za ki goge?"

A bakin tafkin suka tarar da tsofaffi tsamo-tsamo cikin kayan coci, ana ta shewa. Ozella ta zagaya tafkin sau biyu, ta cire takalmi, ta mayar. Tsoro take ji, da haushin kanta, tsohuwa mai jikoki ta kasa shiga ruwa.

Sai usur ya tashi. Wata malamar asibiti ce mai kula da lokaci. "Saura minti biyar! Kowa ya fito!"

Ozella ta ga hannunta ya riga ya kai ƙeya, yana kare kitson da ya daɗe da zubewa. Ta dube shi, ta sauke. Mutane na hawowa, ita tana sauka, da takalmi da komai. Ruwa ya wuce gwiwa, ya kai ƙirji.

"Yaya! Zai daskare da ke!"

"An taɓa fitar da ni da usur," in ji Ozella. "Yau sai na ga dama."

Ta nutsa kai. Can ƙasa ba ta jin komai. Ta ƙirga tara, ta taso, ta tako a hankali ta hau matakala da ƙafarta.

Ranar Litinin masu katanga suka tarar da hular cocinta mai ruwan goro, rabinta cikin siminti. Sun ja, sun ja, ta ƙi fita.