Ɗalibar Bayan Shagon Tela

Albashin malamin kiɗa, ku bar shi kawai, kafin tsakiyar wata ya yi sallama. Shi ya sa Malam ya roƙi yayansa tela ɗan ɗakin bayan shago, inda ake jibge ƙyallaye. Ya share, ya sa kujeru biyu, ya manna takarda a bakin titi cewa ana koyar da jita ranar Asabar. Lambar yayan ya rubuta, ba tasa ba, don shugabar makarantarsu ta hana malamai aikin gefe, ta kuma rantse duk wanda ta kama sai ya ajiye alli ya kama gabansa.

Asabar ta uku ya ɗaga labule zai tarbi sabuwar ɗaliba, sai ga shugabar da kanta, jaka a hammata, gilashi a ƙarshen hanci. Ya tsaya cak da labule a hannu. Ita ma ta yi turus. Suka tsaya kallon kallo, keken ɗinki na ta ƙara a bayansu. Can ta gyara murya ta ce ita ba ta ga kowa ba, shi ma bai ga kowa ba. Ta zauna, ta miƙa hannu a ba ta jita.

To, matar nan ta iya riƙe makaranta, amma jita ta ƙi ta ƙememe. Tsirkiyar nan sai ta finciko ta kamar tana jan kunnen mai laifi. Da ta fara, tela zai ƙure rediyo. Malam kuwa, wanda sauran ɗalibai suka sani da faɗin gaskiya ba kwana-kwana, bakinsa ya mutu. Ta yi daidai, madalla. Ta kwafsa, madalla. Wata uku ana haka.

Rannan tana rufe jaka ta sanar da shi cewa ta yanke shawara: ranar taron iyaye ita za ta buɗe da kiɗa, a gaban kowa.

Malam ya koma gida yana ta lissafi. In ya faɗa mata gaskiya, aiki ya tafi. In ya yi shiru, iyaye da yara su sheƙe da dariya, aikin ma ya tafi. Ga shi kuma tausayinta yake ji har cikin ransa, don ba ta taɓa fashin Asabar ba, yatsunta har sun yi kanta.

Malam yana da wata hanya ta koyarwa. Duk ƙarshen wata yakan ɗauki kiɗan ɗalibi a waya ya kunna masa, domin mai kaɗawa ba ya jin kansa sai an mayar masa. Nata ma ya ɗauka a ɓoye, ya rasa ƙarfin halin kunnawa. Yayansa, da allura a baki, ya ce ya kunna mata mana, ya gaya mata na wata ɗaliba ne, ko Allah zai sa ta gane da kanta.

Haka aka yi. Malam ya ce akwai wata ɗaliba da ta dame shi, yana neman shawarar manya, sannan ya kunna mata kiɗan. Shugaba ta harɗe hannu ta saurara. Ba a yi rabi ba ta yamutsa fuska, ta tambaya ko baiwar Allahn nan ta san haka take kaɗawa. Ya ce ba ta sani ba. Nan fa ta buɗe masa wuta. Ta ce laifin ba na ɗalibar ba ne, nasa ne, malamin da ke yabon ɗalibi don tsoro ya cuce shi, kuma irin wannan malami ba ta ajiye shi a makarantarta.

"Kira ta yanzu, a gabana, ka faɗa mata."

Malam ya dubi ƙofa, ya dubi wayar. Ya danna lamba. A shago tela ya tsayar da keke, ya kashe rediyo.

Jakar shugaba ta soma ƙara.

Ta dubi jakar. Sannan ta zuge, ta ciro wayar, ta kara a kunne, alhali gwiwarsu kusan haɗe take.

"Ina jin ka, Malam."

Ya faɗa mata duka a wayar, idonsa a ƙasa: tana gudu ta bar kiɗa a baya, tana danne tsirkiya ba a gurbinta ba, kuma taron iyaye na bana ba nata ba ne. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba. Da ta cire gilashi tana gogewa, ya ga idonta ya cika.

"Shekara ashirin ke nan rabon da wani ya ce min ban iya ba," in ji ta. Ta ajiye wayar, ta ɗauki jita, ta miƙa masa hannun hagu. "Nuna min inda zan sa yatsan farko."