Irin Wule

Ko ɗigon jini bai zuba ba. Samari suka kayar da bijimi Wule a gindin tsamiyar garin Zandam. Malam Datti, malamin dabbobi da ke zuwa daga Birnin Kudu, ya durƙusa da wani awartaki mai sheƙi, ya matsa nan, ya matsa can, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Bijimin ya tashi, ya girgiza tozo, ya kama cin ciyawa.

"Shi ke nan?" in ji Manu, mai bijimin.

"Shi ke nan, Baba. An dandaƙe shi. Nan gaba sai ƙiba."

Malam Datti ba maƙaryaci ba ne, abin da aka faɗa masa yake faɗa. Ya ce shanunmu ƙashi ne da ƙaho, shi ya sa naman waje ke kayar da namu har a kasuwar Legas. Gwamnati ta sayo manyan bijimai daga ƙetare, kuma ɗaya na Zandam ne. Amma sai an dandaƙe na gida, kada su ɓata iri. Wanda ya yarda zai samu angurya da dusa da allura.

Manu ya daɗe bai yarda ba. Farin da ya wuce ya cinye garken da ya gada, bai bar masa komai daga jinin shanun ubansa ba sai Wule. Karsanan da yake kiwo yanzu duk saye ne daga kasuwar Gwaram, kuma yunwa ta fito musu da haƙarƙari. Sai dai ya ga Wule ya hau wata ja daga cikinsu da kaka, har cikinta ya soma tasowa. Ya ce a ransa, tunda an bar iri a ciki, a ceci masu rai.

Angurya ta zo. Bijimin gwamnati bai zo ba.

"Malam, yau ma angon naku bai iso ba?" Hapsatu matar Manu ta kan tambaye shi tana wanke ƙwaryar da ta daɗe ba ta ga madara ba. "Ko lefe ake haɗa masa?"

"Yana hanya."

"Da ƙafa yake zuwa daga Turai ke nan."

Wata safiya da bazara, jar karsanar ta tashi tana kuka, tana zagaya turke, tana hawan 'yan'uwanta. Manu ya tsaya da igiya a hannu. Wanda ya tashi cikin shanu ba ya bukatar a gaya masa: saniya mai ciki ba ta neman barbara. Ashe tun farko kumburi ne ba ciki ba, dusa ta ƙara cika ta. Wule ya matso, ya shinshine ta, ya ɗaga hanci sama kamar yadda ubansa ke yi, kamar yadda kakansa ke yi. Sannan ya juya a hankali, ya koma wajen kwaminsa.

Da Malam Datti ya zo, bai sauka daga babur ba.

"Baba, bijiman sun sha zafi a mota. Namu bai wuce Zariya ba, can ya mutu."

"Za a kawo wani?"

"An ce yanzu nama ake shigowa da shi a jirgi, cikin ƙanƙara. Ya fi sauƙi." Ya sunkuyar da kai. "Ka yafe mini."

"Awartakin nan naka," in ji Manu, "ba ya warwarewa?"

Malam Datti ya dai roƙe shi ya kai Wule nunin amfanin gona a Birnin Kudu, ko ba komai a ga shirin ya yi wani abin kirki.

Wule ya yi ƙiba kam. Tozonsa ya kwanta gefe don nauyi, fatarsa tana sheƙi. A filin nuni mutane suka yi masa zobe, mahauta suna lallatsa cinyarsa da ido. Can sai ga babban baƙo daga Kano, cikin farar shadda, ana riƙe masa lema. Ya zagaya Wule, ya bubbuga bayansa.

"Wannan daga wace ƙasa aka kawo shi?"

"Na gida ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Datti da ƙaramar murya.

"Na gida? To me muke nema a waje? Ai irin wannan ya kamata a yaɗa ko'ina. Dattijo, ka riƙe shi da kyau. Za mu riƙa aiko maka da shanu yana hawa."

Aka yi tafi. Aka ɗaura wa Wule jan ƙyalle a ƙaho, baƙon ya wuce wajen tumaki.

Manu ya kwance ƙyallen, don ya ga yana damun idon dabbar. Ya ninke shi, ya miƙa wa Malam Datti. Sannan ya ja igiya, suka kama hanyar Zandam, Wule na biye da shi a hankali, yana haki saboda kitse.