Barandamin Labbo

Shekara talatin ina ƙira a Argungu, kuma ban taɓa ha'intar mutum a ƙarfe ba sai Labbo.

Ranar kasuwa ya zo daga Zauro, fuska a murtuke. Wai barandami yake so, ƙarami, na jifa, wanda zai sari ƙashi daga nesa. Ni kuwa na san rigimarsa da Tamba, mijin ƙanwata Laure, a kan iyakar gonar shinkafa. Sun kai ga cacar baki har gaban mai gari. Manomi da barandamin jifa? Na tambaye shi abin da zai yi da shi.

"Wani kare na yad dame mu," in ji shi.

Kare! Ai na san karen da yake nufi. Na ce a raina, wallahi ba da aikin hannuna za a mayar da Laure bazawara ba.

Ya tona tarin ƙarafana da kansa, ya zaɓi guntun sifirin mota, ya ƙwanƙwasa shi a uwar maƙera, ya ji ƙararsa tas. Mutumin ya san ƙarfe, tsinanne. Yana juya baya na cusa sifirin ƙarƙashin gawayi, na jawo wani lausasan ƙarfen ƙofa. Na buga shi, na wasa har yana sheƙi, ban ko tsoma shi a ruwa ba, don kada ya yi tauri. Da ya dawo karɓa ya sake ƙwanƙwasawa. Ƙarar ta fito dum, kamar ta tsohon kwano. Ya ɗan tsaya, ya karkato kai, don kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Sai ya yi godiya ya tafi. Har daɗi na ji, kaicona.

Bayan kwana shida aka kira ni a waya. Mahaukacin kare ya ciji Laure a kan hanyar fadama, tana asibiti a Birnin Kebbi ana yi mata allurai. Ashe mako biyu ke nan karen yana addabar Zauro. Labbo ne ya fara jin ihunta. Ya jefa, ya sami karen a ka, bakin barandamin ya lanƙwashe ya faɗi. Da ƙotar ya ƙarasa shi, bayan karen ya riga ya yage mata ƙafa.

A bakin asibitin na sami Labbo zaune kusa da Tamba, suna raba goro ɗaya. Ya miƙo mini barandamin. Kunya ta hana ni ɗaga ido.

"Ja'afar, tun rannan na ji ƙarar ba ta yi ba," ya ce. "Sai nac ce kunnena na. Ban kawo ka a raina ba."