Fari a Waje

Duk mai ɗaukar hoto da babbar kyamara, irin mai ƙafa uku da ake lulluɓa da baƙin mayafi, ya san dokar marufi. Gidan fim shafaffen abu ne kamar ƙaramin allo, fim ɗaya a kowane gefe, marufi mai zamewa ya rufe shi. Kan marufin fuska biyu gare shi, fara da baƙa. In fari ne a waje, fim bai ga haske ba. In an ɗauki hoto sai a juya marufin, baƙi a waje. Haka aka koya wa Bodil Thorup tana budurwa a birnin Aarhus, haka ta koya wa na bayanta, kuma har ta yi furfura ba ta ji wanda ya tambayi dalili ba.

A kakar shekarar nan gidajen fim ɗinta suka gaji. Ƙyallen da ke tare haske a bakinsu ya cinye, hotuna suka riƙa fitowa da farin zane kamar an yakushe su. Tsofaffin ƙungiyar masu hoto suka haɗa baki cewa ta sayi sababbi, wai tsoho ba a san inda ya kwana ba. Ta saurare su kamar yadda take sauraron limamin cocinsu, da ladabi. A ganinta ba yoyon haske suke tsoro ba, taɓa kayan mamaci suke gudu, don kowannensu ya san nasa na nan tafe kasuwa. Sai ta nufi gidan Gudrun, matar marigayi Verner Ploug, wanda ya yi shekaru shi kaɗai ne mai hoto a tsibirin da suke zaune. Gudrun ta miƙo mata gidajen fim na mijinta a cikin gwangwanin biskit, ta ce ta kwashe su duka, ita ganinsu ma ba ta son yi.

Bodil ba sakarya ba ce. Ta shiga ɗakin duhu ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta haska bakin kowanne da tocila. Lafiyarsu lau. Amma kafin ta kunna tocilar yatsanta ya gaya mata guda ɗaya da fim a ciki, gefe da gefe. Ta rufe shi, ta fito da shi fili. Fari a waje. Ta ce a ranta, Verner ya loda bai samu ɗauka ba, ta ajiye shi a kan kantar kayan aiki.

Abin da ya sa duk take wannan shiri yayanta ne, Aksel. Masunci ne, huhunsa ya ƙare, robar iska a hanci. Tunda aka haife shi bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ban da ɗan ƙaramin nan na fasfo, inda ya runtse ido kamar an watsa masa barkono. Cewa yake kyamara aikin wanda ba shi da aiki ne. Shekara da shekaru tana roƙo, yana ce mata ta je ta ɗauki tsuntsayen bakin ruwa, sun fi shi kyau.

Iska ta taso ta hana jirgin fito zuwa, kwalin sabon fim ɗinta ya maƙale a tashar da ke ƙetare, ga shi ba ta da sauran fim a hannu. Jirgin da zai kawo shi kuwa shi ne zai tafi da Aksel asibiti, kuma babu wanda ke riya cewa zai dawo. Da hantsin ranar da iskar ta fara lafawa ya aiko a kira ta. Ta same shi a kujerar bakin taga, ya sa rigar sanyinsa shuɗiya, ya taje gemu.

"To, 'yar ƙarama, ɗauko akwatin leƙen naki," ya ce. "Gobe sai dai ki ɗauki kujera."

Ta tsaya a ɗakin duhu da gidan fim na Verner a hannu. Ta san abin da ya kamata, a wanke fim ɗaya a gani ko lafiyarsa ƙalau. Amma in ta yi haka saura ɗaya, Aksel kuwa mutum ne mai ƙifta ido. Ta sake duba kan marufin. Fari ne tas. Ta saka shi a jaka.

Ya cire robar hancinsa da kansa, ya ce ba za a tuna da shi da igiya kamar ɗan maraƙi ba. Ta shiga mayafi, ta ga fuskarsa a kife a kan gilashi, kowane gashin gira a fili, da tabon ƙugiya a gefen leɓe. Hasken taga ya kwanta masa a kunci yadda ba ta taɓa roƙa ta samu ba. Ya tambaye ta ko a cikin mayafin nan ta ɓoye mijin da ta kasa samu. Ta ce ya rufe baki ya riƙe numfashi. Ya ce ai numfashin ma shi ke riƙe kansa. Ta zare marufi, ta danna, ta mayar da baƙi a waje. Ta juya gidan, ta sake. A na biyu bai kalli kyamara ba, ita ya kalla.

Bai kai ƙarshen watan ba. Da aka binne shi ta daɗe ba ta taɓa gidan fim ɗin ba. In tana wucewa ta gan shi a kan kantar, sai ta ji tamkar Aksel na nan a ɗaki na gaba.

Ranar da ta wanke, tun fim na ɗiga ruwa ta ga abin da ba daidai ba. Na farko, daga kafaɗa zuwa sama babu kowa. Teku ne da farin sararin sama, an ɗauke su tun kafin nata, haskensu ya cinye kan Aksel gaba ɗaya. A ƙasa, inda duwatsun gaɓa suka yi duhu, hannayensa ne kawai suka tsira, a kan gwiwa. Na biyu akwai fuska, amma ba tasa ba ce shi kaɗai. Wata ta riga shi zama a wurin. Gemu na fitowa daga kuncin mace, ido uku, baki a kan baki.

Ta buga su a takarda, ta tafi gidan Gudrun. Tsohuwar ta zuba kofi, ta yanka baƙin burodi, ta sa tabarau. Ta daɗe a kan na biyun. Ta ce wannan ɗan kunnenta ne, a ƙofar kicin Verner ya zaunar da ita, kwana kaɗan kafin ya yanke jiki ya faɗi, kuma ta sha neman hoton a cikin takardunsa ba ta gani ba. Bodil ta ce amma fari ne a waje.

"Ai Verner a juye yake yi," in ji Gudrun. "Cewa yake fim ɗin da ke cikin duhu baƙi ne alamarsa, wanda ya ga haske fari. Ya ce ku duka kun haddace abu ba ku duba shi ba. Na ɗauka kowa a tsibirin nan ya sani."

Bodil ta ajiye kofinta. Abin da ya fi ci mata rai, da a teburin ƙungiya ta ji wannan magana, da ita ce ta farko da za ta ce Verner ya fi su gaskiya.

Gudrun ta tambaya ko da wata dabara da za a raba fuskokin. Bodil ta ce babu, haske in ya hau kan haske ba ya sauka. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce to a bar mata na teku, ta san wurin da Verner ya tsaya ya ɗauka.

"Hannayen yayana ne a ciki."

"To ki bar mini ɗayan."

"A nan ne ya kalle ni."

Kofi ya huce. Bodil ta jawo hoton gabanta, ta ɗora babban yatsa ta rufe ido ɗaya, ta duba sauran biyun. Ta ɗaga, ta rufe wani. Ido uku ne, duk tsofaffi, duk masu ruwa-ruwa, kuma ta kasa rantsewa wanne ne na Aksel.