Bindiga Ɗaya da Aladen Gonata

A wurin mai tanda na ji maganar, ina jiran a gasa min burodin za'atar, mai barbaɗen ganyen ƙamshi da riɗi. Wai akwai bindiga guda mai cin harsashi lamba ɗari uku da takwas, wadda mutum zai huda tsakiyar takarda da ita a filin gwajin harbi ran Lahadi, ya kuma kayar da aladen daji da ita ran Litinin. Abu Nazih mai shagon bindigogi ne ya faɗa, ƙauyenmu na kan dutsen Shuf kuwa ya haɗiye ba ko taunawa.

Ni dai ban haɗiye ba. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, na san takarda ba ta da ƙashi, alade kuwa yana da shi. Amma ina da dalilin gwadawa. Fage uku na dankali gare ni a gangaren bayan gida, aladu sun tone biyu. Na ukun shi ne irin da mahaifiyata ta bar min, ja mai ƙananan idanu, babu mai shi a ƙauyen sai ni. In suka cinye shi, ya ƙare ke nan.

Na gyara takarduna na izini, na sayi bindigar da madubin hangenta, na kuma sayi sabon littafin rubutu, don ni ba na gwaji da ka.

A filin harbi na ɗora ta kan buhun yashi, na zauna, na saki biyar a tazarar mita ɗari. Duk suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe. Na rubuta: rabin maganar gaskiya ne.

Sai aladu. Da sassafe na laɓe bayan katangar dutse, wani ƙato ya fito yana tono kamar gonar ubansa. Na miƙe, na auna kafaɗarsa, na harba. Ƙasa ta yi tsalle a gabansa. Ya dube ni, ya yi gaba abinsa. Safiya uku, harbi huɗu: na kashe dutse biyu, da tiyon ban ruwa, da bokitin maƙwabciyata Im Salim.

Na rubuta da jan biro: bindigar ta takarda ce, ba ta dawa ba. Na ja layi biyu a ƙasa, na nufi shagon da littafina a hammata don a canza min babba.

Abu Nazih ba ya nan. Gassan na tarar yana shan gahawa, maharbin da ya fi kowa a yankin, wanda na kayar a jarrabawa sau biyu a aji uku. Yanzu har ya yi furfura.

"Malama Wadad! An ce kin yi wa bokitin Im Salim kisan gilla."

"Rufe min baki, daƙiƙi. Karanta nan, in ka iya."

Ya karanta a hankali, yana bi da yatsa kamar dā. "Rubutun ya yi kyau. Zo mu je bayan shago ki harba ɗaya a tsaye in gani."

"Gwajin ya ƙare."

"Ke kika ce mana wanda ke tsoron maimaita gwaji bai yarda da amsarsa ba. Har dukana kika yi a kai."

Na bi shi. Ya juya min baya ya ɗura bindigar da kansa, ya miƙo min. Ya nuna wata garwa a gindin tudu. Na gyara tsayuwa irin ta littafi, na ja numfashi, na ja kunama.

Ƙyas. Babu harsashi a ciki.

Amma bakin bindigar ya riga ya sunkuya yana kallon takalmina, kafaɗata ta tura gaba tana taren shurin bindigar da bai zo ba, idanuna biyu kuwa a rufe gam. Da na buɗe su, Gassan ya dafe bango yana dariya har da hawaye.

"Malama, wa kike yi wa ruku'u?"

"Iska ce."

"Wace iska? Tsoron shurinta kike yi. A filin harbi buhun yashi ne ya riƙe miki ita. In na ba ki babbar, wallahi har tafin ƙafarki za ki huda."

Na ce a sake. Sau shida yana ɗurawa a ɓoye, wani da harsashi, wani babu, sau shida ina sunkuyawa. Ya karɓi jan birona ya rubuta sifili a littafina, ya zagaye shi, ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana.

Dankali ba zai jira in koyi buɗe ido ba. Na haɗiye girman kai na ce, "Ɗana, gobe da sassafe kana da aiki?"

Ya zo. Ya ƙi taho da tasa, ya ce tawa zai ɗauka, da harsashin da na raina. Ƙaton ya fito kan lokacinsa. Harbi ɗaya, ya faɗi. Ni aikina riƙe butar gahawa, ita ma na zubar da rabi da na ji ƙarar.

Bayan sati biyu na haƙe dankalin mahaifiyata, na ware iri. Na saya wa Im Salim sabon bokiti.

Bindigar tana yin duka biyun. Ni ce ke rufe ido.