Irin da Aka Soya a Rairayi

A shekara ta 1956, wani likita Bafaranshe ya gudanar da gwajin irin shuka a asibitin Filinge. Aikin ya yi jinkirin wata huɗu, kuma rahoton da aka aika Yamai ya ɗora laifin a kan sakacin ma'aikaci guda. Rahoton yana da hatimi, saboda haka ba a musa shi.

Ma'aikacin shi ne Kailu, mai jinya, wanda likita ya yi wa alkawarin takardar shiga makarantar Dakar idan hannunsa ya nuna. Ƙa'idar ba ta da wuya. A cikin wasu tsaba akwai furotin mai kama sukarin da ke jikin ƙwayoyin jini. Sai a niƙa iri, a jiƙa a ruwan gishiri, a tace, a ɗiga a kan farin tangaran tare da ɗigon jini. Idan jinin ya yi gudaji, furotin ya kama. Sannan a maimaita da sukari daban-daban. Wanda ya hana gudajin, shi furotin ke so.

Gardi, dogaran gwamnati, suka tattaro wake, gujiya da zurma daga ƙauyukan Kurfai. Kailu ya niƙa, ya tace, ya ɗiga. Jini bai motsa ba. Likita ya ce ko a Faris zurma ba ta taɓa ƙin kamawa.

Rannan Kailu ya jefa gujiya guda a baki. Ashe an soya ta.

Ranar kasuwa ya tare kawunsa Lawali, mai garin da ya fi kowa aiko da iri.

"Kawu, wa ya soya irin Nasara?"

"Mu duka, cikin rairayi mai zafi, don kar a gane. Kai ɗan lakwal, karatu ya shanye maka wayo? Nasara ya nemi iri, ya shuka, ya ga ya yi kyau, sai a auna muna gonar dole."

"Ba shukawa zai yi ba. Da jini zai gwada."

"Da jini? Da mun sani da mun soya shi sau biyu."

Kailu ya san wuta na kashe furotin. Ya kuma san abin da likita ya ji, kwamanda mai mulkin yankin zai ji, shi kuwa kwamanda yana da tasa hanyar tambayar masu gari. Sai ya sayi ɗanyar zurma a ɓoye. Jini ya yi gudaji nan take, sukarin madara kuma ya hana shi.

Likita ya yi murna, sa'an nan ya tambaya me ya canza.

"Da can ba na wanke tangaran sosai, ranka ya daɗe."

Likita ya yaba gaskiyarsa, a cikin wasiƙar da ya janye sunansa daga makarantar Dakar da ita.

Abin da gwajin ya ci: iri tiya goma sha ɗaya, sukari kwalba biyar, jini ɗigo ɗari shida, akasari daga yatsan Kailu, wata huɗu, gurbi guda a Dakar.