Suruki a Kan Tudu

Shekarar da fari ya lafa, Lado ya sake shiga tseren sadaka, kuma wallahi ba don marmari ba. Ƙafafunsa sun gaji da wannan hanya. Kowace kaka samariya, ƙungiyar samarin yankin, ke shirya abin, daga Yekuwa zuwa Dungas, ta kan tuddan rairayi. Tsofaffi da mata su kama hanya tun asuba, kowa da ɗan ƙullin hatsi don majinyatan gidan likita, masu gudu su biyo baya da hantsi. Ƙauyen da ɗansa ya fara isa, 'yan kasuwa su ba shi simintin rijiya.

Rijiyar su Lado ta rufta tun bara. Matarsa Zinariya, ga tsohon ciki, sai ta ratsa gonakin mutane da tulu kafin ta ga ruwa, ta dawo ƙafa a kumbure. Ba ta taɓa cewa komai ba, shirun ne ma ke cin ransa.

Ya yi gudu iya ƙarfinsa. Rairayin wajen nan mugu ne, ka yi taku ya ƙwace maka rabi. Ya wuce mutanen Dogo-Dogo, ya wuce Gidaɗo, dogon Bafillacen da ake cewa bai san gajiya ba. Ƙirjinsa kamar an zuba barkono. Babu sauran mai gudu a gabansa, saura tudu guda, har ana jiyo gangar samariya.

Sai ga wani tsoho a tsakiyar turba, da sanda, da ƙulli a ka, yana jan ƙafa. Malam Muttaƙa ne, mahaifin Zinariya.

To, wane ɗan mutunci ne zai gifta surukinsa a guje, da gajeren wando, yana watsa masa ƙasa? Turbar siririya, shingen ƙaya dama da hagu. Lado bai ma yi shawara da zuciyarsa ba. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

Tsohon ya juyo a hankali, ya ƙanƙance idanunsa da suka daɗe da yin hazo. "Muryar Lado nake ji. Lafiya lau. Ina gajiya? Ya mutan gida?"

Malam Muttaƙa kuwa ba ya gaisuwa a tsaitsaye. Ya tambayi gero, ya tambayi wake, ya tambayi 'yan awakin da fari ya bari. Lado kai a ƙasa, numfashi sama-sama, yana amsawa. Yana jin takun Gidaɗo ya matso, ya raɓa ta jikin shingen, ya wuce. Wani ma ya wuce. Amma Lado bai tashi ba.

Can ganga ta sauya kiɗa, guɗa ta biyo. Tsohon ya kasa kunne.

"An isa ke nan. Allah ya sa ɗan garinku ne, yarinyar nan ta huta da tulu. Wa kuka tsayar ya yi muku gudu bana?"

Lado ya ɗago kai.

"Ni ne, Baba."